BABI NA UKU: GWAMNATI DA YUNƘURIN KAFA MASANA'ANTAR ƘARFE A ƘASAR KATSINA, 1971–2006: WAIWAYE DAGA YANKIN YASHE, KANKIYA DA KUSADA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasa da sana'o'in mutanen Yashe da Kankiya da Kusada. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bin diddigin yunƙurin da Gwamnatin Tarayya ta yi na kafa masana'antar ƙarfe a ƙasar Katsina, wato Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina, tun daga lokacin da aka tsara manufar a 1971 har zuwa lokacin da aka sayar da kamfanin a 2006. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan kamfani shi ne, babu wani aiki na masana'anta da gwamnati ta taɓa zuba wa dukiya a wannan yanki kamarsa, kuma tarihinsa ya ratsa manyan sauye-sauye guda biyu da tattalin arzikin Nijeriya ya fuskanta. Sauyi na farko shi ne tashi daga dogaro da gyaɗa da auduga zuwa dogaro da man fetur. Na biyu kuwa shi ne tashi daga tsarin da gwamnati ke riƙe da ragamar masana'antu zuwa tsarin da aka sakar wa kasuwa da 'yan kasuwa.

Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin wannan yunƙuri ya ɗaukaka fasahar sarrafa ƙarfe ta mutanen ƙasa, ko kuwa injuna kawai aka sayo aka girke? Domin amsa ta, ba za a tsaya a harabar kamfanin kaɗai ba. Za a dubi al'amarin daga ɓangaren maƙeri da mai walda da manomi na Yashe da kewayenta, domin su ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna amfanin kowace masana'antar ƙarfe da shi a karkara.

3.1 Ƙira a Yankin Kafin Zuwan Turawa

Sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Binciken masu tonon kayan tarihi a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, ya nuna cewa an san narka tama a tsakiyar Nijeriya ta yau tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙasar Katsina, kamar sauran ƙasashen Hausa, sana'ar ta kasu gida biyu. Akwai masu haƙo tama su narka ta a matoya ta yumɓu da gawayi, akwai kuma maƙeran da ke karɓar ƙarfen su sarrafa shi. Su ma maƙeran sun rabu biyu: maƙeran baƙi, masu ƙera fartanya da galma da gatari da lauje da magirbi da makamai, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla na kayan ado. Kayan aikinsu ba su wuce uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugai ba, kuma sana'ar gado ce, ɗa yana koyo daga uba tun daga zuga wuta. A kowane babban gari akwai Sarkin Maƙera, wanda shi ne tsani tsakanin masu sana'ar da fada.

Yankin da ake nazari a kansa yana kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Katsina da Kano. Baturen nan na ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta Kusada a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Wannan yana nuna cewa garuruwan yankin ba a kulle suke ba, kaya da mutane da dabaru suna ratsa su tun da daɗewa. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani sarƙar ƙarfe a cike take: daga ramin tama zuwa matoya, daga matoya zuwa maƙera, daga maƙera zuwa gona, duk a hannun mutanen ƙasa. Ƙarfen kaɗan ne, aikin kuma akwai wahala, amma ilimin duk na gida ne.

3.2 Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Bayan 'yan shekaru, a 1911, titin jirgin ƙasa ya iso Kano, sa'an nan aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Manufar waɗannan hanyoyi a fili take, wato kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, a dawo da kayan kanti. Birnin Katsina da Kankiya da Yashe ba su sami titin jirgi ba, sai hanyar mota. Wannan rashi, kamar yadda za a gani nan gaba, ya dawo ya yi wa kamfanin ƙarafa mummunar illa.

Daga cikin kayan da jirgi ya riƙa kawowa har da ƙarfen Turai, ga kuma tarkacen jirgi da na motoci da gangunan mai da suka fara yawa a kasuwanni. Maƙeri ya ga cewa ƙarfen da aka yar ya fi arha, ya kuma fi sauƙin samu bisa wanda za a sha wahalar narkawa. Ta haka sana'ar narka tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Ƙira ta rayu, amma ta rasa tushenta, domin tun daga lokacin maƙerin Bahaushe ya koma mai sarrafa abin da wani ya narka a wata ƙasa. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi wani tanadi na maye gurbin abin da aka rasa ba, domin ba kafa masana'antu ne ya kawo ta ba.

Sai dai akwai wata fasaha guda da ta shigo a wannan zamani ta kuma zauna daram, ita ce garmar shanu. Ma'aikatar gona ta fara yaɗa noma da shanu a Arewa tun wajen ƙarshen shekarun 1920, kuma ƙasar Katsina tana daga cikin wuraren da abin ya karɓu ƙwarai. Muhimmancin wannan ga nazarinmu shi ne, garmar ta buɗe wa maƙera sabuwar ƙofa, domin bakinta yana cinyewa, kuma ba kullum ake samun na kanti ba. A hankali maƙera suka koyi ƙera baki, daga baya suka koyi kwaikwayon garmar gaba ɗaya.

3.3 Kuɗin Mai da Manufar Kafa Masana'antu

Bayan samun mulkin kai a 1960, shugabannin Nijeriya sun ɗauki ra'ayin da ya yaɗu a ƙasashe masu tasowa a wancan lokaci, cewa ƙasa ba ta ci gaba sai ta daina sayo abin da za ta iya yi da kanta, kuma ƙarfe shi ne uwar masana'antu. Tsarin Raya Ƙasa na Farko, daga 1962 zuwa 1968, ya ambaci kafa masana'antar ƙarfe, amma gardamar inda za a kafa ta tsakanin jihohi, da rikicin siyasa, da Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, suka hana ruwa gudu.

Bayan yaƙi, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da Tsarin Raya Ƙasa na Biyu, daga 1970 zuwa 1974, wanda ya ɗora wa gwamnati alhakin riƙe manyan ginshiƙan tattalin arziki. A 1971 aka kafa Hukumar Bunƙasa Ƙarafa ta Nijeriya bisa Doka ta 19, kuma da taimakon ƙwararru daga Tarayyar Sobiyet aka gudanar da binciken ƙasa wanda ya kai ga gano tama mai yawa a Itakpe. A 1972 aka yi dokar mayar da wasu kamfanoni hannun 'yan ƙasa, aka kuma faɗaɗa ta a 1977.

Abin da ya ba wannan manufa ƙarfi shi ne tashin farashin man fetur bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoba 1973, lokacin da farashin ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da baitulmalin gwamnati ya cika, a lokacin ne arzikin manomin Yashe da Kusada ya karye. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe amfanin gona da dabbobi, sa'an nan cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Wato ke nan, dukiyar ƙasa ta tashi daga gona ta koma rijiyar mai, kuma ikon raba ta ya tattaru a hannun Gwamnatin Tarayya. Da wannan dukiya aka shiga Tsarin Raya Ƙasa na Uku, daga 1975 zuwa 1980, aka kafa kamfanonin harhaɗa motoci irin su Peugeot na Kaduna a 1975, aka kuma tsara masana'antar ƙarfe mai rassa da yawa.

3.4 Kafuwar Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina

Tsarin da aka yi shi ne a sami manyan kamfanoni biyu masu narka tama. Na farko a Ajaokuta, wanda aka ba kamfanin Tiajpromexport na Tarayyar Sobiyet kwangilarsa a 1979, da nufin ya riƙa samar da tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko. Na biyu a Aladja kusa da Warri, wanda kamfanonin Jamus da Ostiriya suka gina, mai amfani da iskar gas, da ƙarfin tan miliyan 1 a shekara. Baya ga waɗannan, sai aka tsara ƙananan kamfanoni uku na cikin ƙasa, a Oshogbo da Jos da Katsina, kowanne da ƙarfin tan 210,000 a shekara a matakin farko. A Satumba 1979, gab da miƙa mulki ga farar hula, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi Doka ta 60, wadda ta rushe tsohuwar hukumar ta mayar da kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka kamfani mai zaman kansa a ƙarƙashin gwamnati.

Ya kamata a fahimci bambancin narkawa da mulmulawa, domin a nan ne gizo yake saƙar. Kamfanin Katsina ba a gina shi don ya narka tama ba. Aikinsa shi ne ya karɓi gungumen ƙarfe, wato dogon curin ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka riga aka zuba a Aladja, ya gasa shi har ya yi ja, sa'an nan ya bi da shi ta cikin jerin injuna masu matsawa har ya koma rodin gini ko waya. Saboda haka rayuwarsa gaba ɗaya ta rataya a wuyan Aladja. Kamfanin Kobe Steel na ƙasar Japan ne ya gina shi, kuma Shugaba Shehu Shagari ya buɗe shi a 1982, wato shekarar da aka buɗe na Aladja a watan Janairu.

Gwamnati tana da hujjojinta na kai kamfanin Katsina, kuma adalci ne a ambace su. Na farko, a kusanto da rodi ga masu gini a Kano da Sakkwato da Katsina, har ma da Maraɗi da sauran garuruwan Nijar. Na biyu, a rarraba masana'antu kada su taru a bakin teku. Na uku, ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana bukatar kowane sashe ya ga rabonsa. Haƙiƙa an sami wani amfani. Kamfanin ya ɗauki ma'aikata, ya horar da injiniyoyi da masu gyaran injuna, ya gina gidajen ma'aikata, ya kuma sa 'yan kasuwar rodi da direbobi da masu dako sun sami abin yi. Matasa daga Kankiya da maƙwabtanta da suka yi makarantun koyon sana'a sun ga cewa akwai wurin da iliminsu zai yi amfani ba sai sun tafi Kaduna ko Legas ba.

3.5 Matsalolin da Suka Dabaibaye Kamfanin

Duk da wannan kyakkyawan fata, kamfanin bai taɓa kaiwa ga adadin da aka gina shi dominsa ba. Ana iya kasa dalilan haka gida huɗu.

3.5.1 Ƙarancin gungumen ƙarfe. Kamfanin Aladja bai taɓa samar da ko rabin abin da aka tsara masa ba. Irin fasahar da aka zaɓa masa tana bukatar tama mai inganci sosai, ita kuwa tamar Itakpe ƙarfen cikinta bai kai haka ba sai an tace ta. Saboda haka aka riƙa sayo tama daga ƙasashen waje irin su Laberiya da Barazil da kuɗin waje. Titin jirgin da zai kai tamar Itakpe zuwa Ajaokuta da Warri an fara shi a 1987, amma ba a buɗe shi gaba ɗaya ba sai a 2020. Ajaokuta kuwa, ko da yake an daɗe ana faɗin cewa aikin ya kai kashi 98 cikin 100 tun 1994, babbar matoyarsa ba ta taɓa narka tama ba. Hausawa na cewa idan ruwa ya ƙafe daga tushe, banza ne a yi ta gyaran magudana. Lokacin da aikin Aladja ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1990, na Katsina ya koma jiran gungumen da za a sayo daga waje.

3.5.2 Sufuri. Tsakanin Aladja da Katsina akwai tazarar fiye da kilomita 1,000, kuma kamar yadda aka ambata a baya, babu titin jirgi da ya isa Katsina. Dole kowane gungume ya hau tirela. Motar da ta biyo ta Kano da wadda ta biyo ta Funtuwa da Malumfashi duk a mararrabar Yashe suke haɗuwa, su bi ta Kankiya da Caranci su shiga Katsina. Ke nan mutanen wannan yanki sun ga masana'antar ƙarfe da idonsu, amma a bayan mota tana wucewa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, bayan an mulmula ƙarfen, mafi yawan rodin ta wannan hanya yake komawa, domin babbar kasuwarsa tana Kano da kudancinta. Kuɗin wannan kai da kawowa duk a kan farashin rodi yake sauka, ga kuma lalacewar titi saboda nauyin kaya.

3.5.3 Wutar lantarki. Injin mulmula ƙarfe ba ya son yankewar wuta, domin idan wuta ta ɗauke alhali jan ƙarfe yana cikin injin, ƙarfen zai sandare, a yi asararsa, a kuma ɓata lokaci wajen ciro shi. Katsina kuwa a ƙarshen layi take, wutarta daga Kano take zuwa ta kan layin da ya ratsa Kankiya, kuma halin da hukumar NEPA ta kasance ciki a waɗannan shekaru sananne ne ga kowa.

3.5.4 Irin kwangilar da aka yi. Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar batun fasaha. An ba kamfanin waje kwangilar ya zana, ya ƙero injuna a ƙasarsa, ya kawo ya girke, sa'an nan ya miƙa makulli. A irin wannan tsari ɗan ƙasa yana koyon tuƙa injin da ɗan gyare-gyarensa, amma ba ya koyon zana shi ko ƙera shi. Duk lokacin da wani muhimmin sashe ya lalace, sai an aika Japan da kuɗin waje. Gwamnati ta san da wannan giɓi, shi ya sa ta kafa ofishin tantance yarjejeniyoyin sayo fasaha a 1979, da kamfanin ƙera injuna na Oshogbo tare da haɗin gwiwar Indiya, da cibiyar binciken ƙarafa a Jos. Sai dai kowannensu ya yi ta tafiya shi kaɗai, ba a ɗinke su da juna ba. Bugu da ƙari, ƙasashe daban-daban ne suka gina kamfanonin guda biyar, kowacce da irin ma'auninta, ta yadda kayan gyaran wannan ba lalle su shiga wancan ba.

3.6 Karyewar Farashin Mai, Shirin SAP da Sayar da Kamfanin

An buɗe kamfanin Katsina a lokacin da kakar kuɗin mai ta riga ta wuce. Farashin mai ya fara faɗuwa tun 1981, kuma a Afrilu 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta matakan tsuke bakin aljihu. Sojoji sun karɓe mulki a ranar 31 ga Disamba 1983. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira 4 a 1987, ta kai kusan naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Ga kamfanin da kayan gyaransa da wani ɓangare na gungumensa daga waje suke zuwa, wannan tamkar an ɗaure wa mai gudu dutse a ƙafa ne.

A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, abin da ya kawo gine-ginen sakatariya da gidaje da bukatar rodi mai yawa, amma kamfanin ba ya cikin halin cin moriyar wannan dama yadda ya kamata. A 1988 aka yi Doka ta 25 ta sayar da kamfanonin gwamnati, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad, wanda shi ma ɗan Katsina ne. Kamfanonin ƙarafa suna cikin waɗanda dokar ta shafa, amma ba a kai ga sayar da su ba sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, lokacin da aka yi sabuwar doka. An sayar da na Aladja ga wani kamfanin Indiya a 2005, shi kuwa na Katsina ya koma hannun rukunin kamfanonin Dana a 2006, aka sauya masa suna zuwa Dana Steel. Ajaokuta ya shiga rikicin yarjejeniya, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya soke a 2008, kuma ba a rufe shari'ar ba sai a 2022, da Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496.

Akwai darasi a cikin abin da sababbin masu kamfanin Katsina suka yi. Maimakon jiran gungume daga kudu, sai suka girke sashen narka tsofaffin ƙarafa domin su riƙa zuba gungumensu da kansu. Wato abin da ya warware matsalar da ta gagari gwamnati shekara ashirin da huɗu ba tamar Itakpe ba ce, tarkacen da 'yan gwangwan ke tattarowa ƙauye-ƙauye ne. Shi ne dai irin ƙarfen da maƙerin karkara ya dogara da shi tun zamanin Turawa.

3.7 Kwatanci da Koriya ta Kudu

Za a iya cewa laifin duka na shigar gwamnati cikin harkar masana'antu ne. Tarihin Koriya ta Kudu bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. A 1968 gwamnatin Park Chung-hee ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO, mallakar gwamnati, a ƙasar da ba ta da isasshiyar tama ko gawayin narka ta, kuma bayan Bankin Duniya ya nuna cewa aikin ba zai yi riba ba. An yi amfani da kuɗin da Japan ta bayar bisa yarjejeniyar 1965, da kuma fasahar kamfanonin Japan. A 1973 aka kammala matakin farko mai ƙarfin tan miliyan 1.03, kusan daidai da na Aladja.

Bambancin yana cikin yadda aka tafiyar da abin. An gina kamfanin wuri guda a bakin teku, a Pohang, inda jirgin ruwa zai sauke tama a ƙofarsa. An tura ma'aikata Japan tun kafin a gama gini, suka kuma sa hannu a aikin girke injuna, ta yadda a kowane mataki na faɗaɗawa rabon aikin 'yan ƙasa yana ƙaruwa. An bar shugaba guda, Park Tae-joon, ya riƙe kamfanin fiye da shekara ashirin. An kafa masana'antun jiragen ruwa da motoci da za su sayi ƙarfen, an kuma tilasta wa kamfanin ya yi gogayya a kasuwar duniya. A 1986 ya kafa jami'arsa ta kimiyya da fasaha. Sai a shekarar 2000, bayan ya tsaya da ƙafarsa, aka kammala sayar da shi. Nijeriya kuwa ta raba ƙarfinta gida biyar lokaci guda, ta sayar kuma bayan an durƙushe. Ashe ba shigar gwamnati ce matsalar ba, yadda ta shiga ne.

3.8 Abin da Ya Iso ga Maƙeran Yashe, Kankiya da Kusada

Idan aka dawo gida, za a tarar cewa fasahar ƙarfe ta ci gaba a wannan yanki, amma ba ta hanyar da gwamnati ta shata ba. Kamfanin Katsina rodi da waya yake yi, su kuwa maƙera abin da suka fi bukata shi ne falle da ƙarfe mai tauri wanda zai yi bakin garma da fartanya da gatari. Wannan har kullum daga sifirin ɗin mota da tsofaffin faya-fayan garmar tarakta da ganguna suke samunsa. Ba a tsara wata hanya da za ta haɗa babban kamfanin da ƙananan masu sana'a ba, ko ta fuskar sayar musu da ƙarfe a kan rahusa, ko ta horo, ko ta ba su aikin ƙera ƙananan kayayyaki.

Abubuwan da suka kawo sauyi na haƙiƙa guda uku ne. Na farko, isowar wutar lantarki da janareta, wadda ta haifar da sana'ar walda a bakin titin Kankiya da Yashe. Na biyu, ayyukan raya karkara irin wanda aka fara a Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, waɗanda suka ƙara yaɗa garmar shanu da amalanke da injin ban ruwa, duk kuwa abin da ya yaɗu sai ya nemi mai gyara. Na uku, shi kansa shirin SAP, domin da kayan waje suka yi tsada, sai manomi ya koma wa maƙerin garinsu. Ta haka aka sami masu ƙera garma sukutum, da amalanke mai tayar mota, da ƙyauren ƙarfe, da injin niƙa da na sussukar hatsi, ta hanyar kwance na waje a duba a kwaikwaya. Wannan shi ne ainihin abin da Koriya ta yi a babban mataki. A nan kuwa an bar shi a hannun mutanen da ba su da jari, ba su da injin sassaƙa ƙarfe, ba su kuma da wanda zai auna musu ingancin abin da suka ƙera.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ƙasar Katsina ta rasa ilimin narka tama a zamanin mulkin mallaka, da yadda Gwamnatin Tarayya ta yi yunƙurin maido da sarƙar ƙarfe da kuɗin mai tsakanin 1971 da 1982, da kuma dalilan da suka hana yunƙurin cin nasara har aka sayar da kamfanin a 2006. Amsar tambayar da aka yi a farko ita ce, an sayo injuna, an kuma sami ƙwararrun masu tuƙa su, amma ba a sayo ilimin ƙera su ba, ba a kuma haɗa su da masu sana'ar da ke ƙasa ba. An aza rufi kafin a gama gini, domin an kafa kamfanin mulmulawa babu tabbacin gungume, babu titin jirgi, babu tsayayyiyar wuta.

Batun bai zama tarihi kawai ba. A 2021 aka aza harsashin titin jirgin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato abin da kamfanin ƙarafa ya rasa tun ranar da aka buɗe shi. Ko wannan zai amfani mai walda na Yashe ya danganta ne da ko masu tsara manufa za su lissafa da shi a wannan karo. A babi na gaba za a dubi yadda ake koyon ƙira da walda a yankin, da irin kayan aikin da masu sana'ar suke amfani da su, da hanyoyin da suke samun ƙarfe da jari.